Kuɗin gado na hannuna, an samo mini injin casar shinkafa: in saya ko in dakata?

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, shekaruna 34, ina da mata da 'ya'ya biyu. Mahaifinmu ya rasu bara, an sayar da gidan da ya bari an raba gado, rabona ya kama naira miliyan 9. Na daɗe ina sha'awar sana'ar gyaran shinkafa. Tunanina shi ne in riƙa sayen shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, a Kura, in gyara ta tas babu tsakuwa, in zuba a ƙananan buhuna masu kilo 5 da kilo 10, in riƙa sayar wa ma'aikata irina. Har na zaɓi suna, an kuma zana mini tambarin da za a buga a jikin buhu. To yanzu wani abokina ya samo mini injin casa na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, haɗe da na cire tsakuwa, a kan miliyan 6, mai shi ya ce mako biyu kawai zai jira ni. Hajiyarmu ta ce in haɗa da tumuninta, ƙanwata ma ta ce in saka nata kason. Ban taɓa yin wannan sana'a ba. Kullum abin yana ƙara girma a raina, amma da na zauna zan tsara shi sai in rasa ta inda zan fara. Ina tsoron in tsaya jinkiri inji ya wuce ni, ina kuma tsoron in narkar da kuɗin mahaifiyata. Barci ma ya fara gagara ta. Don Allah a ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinku da rahama, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya sa albarka a abin da ya bari.

Bari in fara da amsar kai tsaye, ko ka samu ka runtsa yau: kada ka sayi injin nan cikin makonni biyun da aka ɗiba maka, kuma kada ka karɓi ko sisi daga hannun Hajiya ko ƙanwarka tukuna. Wannan ba yana nufin in kashe maka gwiwa ba. Tunanin naka yana da tushe. Duk wanda ya taɓa tauna tsakuwa a tsakiyar loma ya san dalilin da ya sa mutane suka daɗe suna gudun shinkafa 'yar Hausa suna bin 'yar waje, duk da cewa tamu ta fi ɗanɗano a bakin mutane da yawa. Tun da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, gidaje da dama suka koma cin ta gida, kuma ko bayan an fara buɗe su a ƙarshen 2020 ba kowa ne ya koma ba. Ga Kura kuma a bakin ƙofarka, kan hanyar Zariya, inda ruwan madatsar Tiga ke bi ta magudanun Kadawa ana noman shinkafa damina da rani. Kayan aikin yana kusa, masu ci suna nan.

Sai dai ka sake karanta wasiƙarka ka gani. Akwai suna, akwai tambari, akwai inji da farashinsa. Babu mutum ko ɗaya da ya ce zai saya a wurinka. Babu farashin buhun shanshera na yau. Babu sunan wanda zai tsaya a bakin inji ranar Litinin da ƙarfe goma na safe, lokacin da kai kana ofis. Abin da ke hannunka a yanzu tunani ne, kuma aikin da ya dace da tunani a wannan mataki shi ne a gano abin da zai iya kashe shi, da kuɗi mafi ƙanƙanta, tun kafin a zuba masa dukiya. Rasa ta inda za ka fara da kake yi ya samo asali ne daga nan: kana ƙoƙarin tsara masana'anta sukutum a cikin kanka, alhali ba ka da bayanan da ake tsara ta da su. Ba gazawarka ba ce. Ko wane ne aka ajiye a matsayinka, haka zai rasa.

Ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka keɓe shi don wannan aiki kaɗai. A shafin farko, kada ka wuce shafi ɗaya, ka rubuta wa zai saya, me yake ci yanzu, me zai sa ya bar wancan ya dawo naka, nawa zai biya, kuma ta yaya buhun zai kai gidansa. In ka zo kan "wa zai saya", kada ka yarda ka rubuta "ma'aikata" ka wuce, domin ma'aikaci suna ya tara. Akwai mai sayen babban buhu a kasuwar Singa da zarar albashi ya shigo. Akwai mai aiken yaro ya auno kwano ɗaya a shagon unguwa, a rubuta masa sai ƙarshen wata. Wannan na biyun ba zai bar mai shagon da ke ɗaga masa ƙafa ba don kawai buhunka yana da kyau. Sannan a yawancin gidaje maigida ne ke biya, amma uwargida ce ke yanke hukunci, kuma tambayoyinta daban ne: tana auki? Tana yin warawara ko caɓewa take yi? Tana wari in an ɗora ta? Sai an zauna tsintar tsakuwa? Ka fara da uwargidanka, ka tambaye ta waɗannan, sannan ta tambayar maka ƙawayenta da maƙwabta. Mai sayar da abinci a bakin titi kuwa auki ne gaba da komai a wurinta, domin da cokali take ƙirga ribarta. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan sana'a ce daban, da girman buhu daban da farashi daban. Zaɓi ɗaya ka fara da shi.

A shafi na biyu ka jera duk abin da kake zato amma ba ka tabbatar ba. Kana zaton mutane za su ƙara kuɗi a kan farashin kasuwa saboda tsabta. Kana zaton za ka riƙa samun shanshera iri ɗaya duk shekara. Kana zaton abin da zai fito daga buhu zai rufe ɗawainiya har ya bar riba. Kana zaton za a biya ka hannu da hannu. Daga nan ka ja layi a ƙarƙashin wanda in ya zama ƙarya komai ya rushe. A ganina na farko ne da na uku. Abin farin cikin shi ne duka biyun za ka iya gwada su ba tare da ka mallaki inji ba.

A nan nake son ka tsaya sosai. A Kura da kewayenta akwai ƙananan injinan casa birjik, waɗanda kake kai kayanka a casa maka ka biya kuɗin buhu. Akwai masu injin cire tsakuwa da su ma haka suke aiki. Akwai matan da turara shinkafa ita ce sana'arsu tun kafin a haife ka. Ma'ana, duk matakan da kake son yi da injinka akwai mai yin su a yau a kan lada. To ka ware abin da ba zai girgiza ka ba in ya salwanta, ka sayi shanshera buhu uku zuwa biyar, iri ɗaya, ko Jamila ko FARO 44 wadda manoma ke kira Sipi, kada ka yarda a gauraya maka. Ka tafi da sikelinka. Buhun shanshera ba nauyi ɗaya yake da shi ba, ya danganta da cika da danshi da yawan ƙaiƙayi da ƙasar da aka kwaso da ita daga masussuka. Auna kowanne ka rubuta.

Sannan ka bi kayanka ƙafa da ƙafa, kada ka aika. Ka tsaya ka ga yadda ake wanke ta a kwashe marar ƙwaya da ke tasowa saman ruwa, yadda ake jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, yadda ake ɗora ta a tukunya ko rabin duro a turara har ɓawon ya fara tsagewa. Warin da mutane ke ƙorafi a kai yawanci daga jiƙon yake zuwa, in ruwan ba mai tsabta ba ne ko an bar ta ta daɗe a ciki har ta fara tsami. Tsakuwa kuwa daga masussuka take shiga, da wurin shanya in an baza a ƙasa ko a gefen kwalta. Don haka tamfol mai kyau da tsabtataccen ruwa suna yin rabin aikin da kake tunanin inji ne kaɗai zai yi. Ka lura da shanyar ma. Za ka ga gwanar mace ta ɗebi 'yan ƙwayoyi ta murza a tafin hannu, ta jefa ɗaya a baki ta gatsa, daga ƙarar da ta ji ta ce a kwashe ko a ƙara mata sa'a guda. Abin da take aunawa da haƙori shi ne danshin da masana ke cewa ya sauka zuwa wajen kashi 14 cikin 100 kafin a casa. In ta yi danshi da yawa ba ta casuwa da kyau kuma tana iya yin fumfuna a ajiya. In an bar ta ta ƙone a tsakar rana, tsabar ta tsattsage a cikin ɓawo, inji ya farfasa ta. Wannan ilimi ba a sayar da shi tare da inji, kuma wanda bai san shi ba ma'aikatansa ne za su riƙa gaya masa abin da suka ga dama.

Bayan casa ka sake ɗora komai a sikeli: tsaba lafiyayya, karyayya, dusa, ɓuntu. A bisa al'ada kilo 100 na shanshera mai kyau yana ba da tsaba tsakanin kilo 60 zuwa 65, wani lokaci ƙasa da haka in kayan ba su da kyau ko injin ya tsufa. Ga misali, kuma lambobin na misali ne kawai, kai za ka sa na gaskiya: a ce ka sayi kilo 100 a kan naira 40,000. In ka samu kilo 62, kowane kilo ya tsaya maka a kan naira 645 tun kafin ka biya mai turara, da itace, da mai inji, da 'yan dako, da mota, da buhu, da ɗinki. In kilo 55 ka samu, ya zama naira 727. Bambancin naira 82 ne a kilo, wato naira 4,100 a buhu mai kilo 50. A sana'ar hatsi wannan bambanci kaɗai yana iya zama shi ne ribar gaba ɗaya. Shi ya sa na ce da sikeli za ka tafi. Ka rubuta har kuɗin man da ka sha zuwa Kura da dawowa, da ladan yaron da ya juya shanya. Ka kuma tambayi inda ake sayar da dusa da karyayya, domin masu kiwo suna sayen dusa, karyayya kuma tana da kasuwarta, kuma sau da yawa a nan ɗan abin da ya rage wa mai casa yake fitowa.

Sai sayarwa. Kada ka raba kyauta don a ɗanɗana a gaya maka ra'ayi. Wanda aka ba kyauta ba ya kushe kaya, balle abokin aiki da yake jin nauyinka. Ka zuba a farin buhu marar tambari, ka ɗinke, ka sa farashin da lissafinka ya nuna zai bar maka riba, ka ce kuɗi hannu. Saye na farko ba ya nuna komai, domin wasu don kara za su saya. Abin da za ka sa wa ido shi ne wanda shinkafar ta ƙare a gidansa ya neme ka da kansa, da kuɗinsa, ba tare da ka tuna masa ba. Ka rubuta su nawa ne cikin waɗanda suka saya. Ka rubuta su nawa ne suka ce "kawo, sai an yi albashi", da kwana nawa kuɗin ya yi kafin ya shigo. Ina jin tsoron wannan bashin na ofis fiye da yadda nake jin tsoron tsakuwa, saboda mutumin da kuke gaisawa kullum a masallacin ma'aikata yana da wuyar bi bashi, kuma ƙaramin jari ba ya jure a riƙe shi wata guda. In ka yi wannan zagaye sau biyu ko uku cikin wata biyu zuwa uku, littafinka zai ƙunshi abin da babu wani mai ba da shawara, har ni, da zai iya ba ka.

Mu dawo kan injin. In ka biya miliyan 6, saura miliyan 3. A cikinsu za ka kama wuri, ka yi rumfa da daɓen shanya, ka ja wuta mai layi uku ko ka sayi janareta, ka ɗauko injin ka kafa shi, ka biya ma'aikata. Me ya rage na sayen shanshera? Inji ba ya kawo ko kwabo sai yana juyawa, kuma abin da ke juya shi kaya ne. Shanshera tana araha da kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, da kuma lokacin da ta rani ta shigo, daga nan ta fara hawa. Mai kuɗin saye ya ajiye a lokacin shi ke da ƙarfi a sauran watanni. Kuma ba kai kaɗai ne a kasuwar ba: manyan kamfanoni irin su Umza da Tiamin a nan Kano, da Labana da WACOT a jihar Kebbi, shanshera suke nema da tirela-tirela. Da yawan ƙananan masu casa ba rashin inji ne ke tsayar da su ba, rashin kuɗin juyawa ne. Mutum ya zuba duk abin da yake da shi a ƙarfe, sannan ya zauna yana jiran wani ya kawo buhu biyu a casa masa.

Ka kuma dubi yadda ƙasa take juyawa a 'yan shekarun nan. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na komai ya tashi. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, zuwa naira 225 a kowane ma'aunin wuta, ninki uku da ɗoriya na abin da suke biya a da. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da wasu kayan abinci, ciki har da shinkafar da aka cire wa ɓawo ba a goge ba. A 2025 farashin shinkafa ya sauko, masu ci suka ji sauƙi, amma waɗanda suka tara shanshera da tsada suka ji a jikinsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ƙaramin ɗan kasuwa ke da iko a kai. Abin da yake da iko a kai shi ne nauyin da ya ɗora wa kansa. Mai casa a injin haya, in kasuwa ta juya, sai ya dakata wata guda bai yi asarar komai ba. Mai inji kuwa haya da albashi da mai gadi suna bin sa ko ya yi aiki ko bai yi ba.

Ba na zargin abokinka da komai, wataƙila alheri yake nufin ka da shi. Amma ka tambaye shi a fili, cikin raha, ko yana da la'ada a cinikin. In yana da ita ba haram ba ce, sai dai ya kamata ka sani, don ka san ma'aunin da za ka ɗora maganarsa. Mai injin kuma a tambaye shi me ya sa yake sayarwa. In ma wata rana ka zo sayen na hannu, to sai ka je da bakaniken da kai ka ɗauko, ba wanda mai kaya ya kawo ba, a tayar da injin a gabanka, a casa buhunka da ka auna, ka auna abin da ya fito. A duba ko irin na ƙarfe ne mai casa da gogewa a lokaci guda, wanda ya fi karya tsaba, ko mai robobi ne, sannan a tabbatar ana samun robobinsa da rariyarsa a Kano. Wa'adin mako biyu kuwa kada ya ɗaga maka hankali. Injinan casa ba su ƙare a duniya ba. In wannan ya wuce, wani zai fito, kuma a lokacin za ka san girman da kake buƙata, abin da yau ba ka sani ba.

Akwai maganar da ba ka tayar ba, ni kuma ba zan tsallake ta ba. Kai ma'aikacin gwamnati ne. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka zayyana ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci mai zaman kansa ko shiga cikin tafiyar da shi, in ban da noma. Na san mutane da yawa suna yi ba tare da sun waiwayi wannan ba, amma kai kana farkon tafiya, kana da damar ka gina abinka a kan daidai. Ka zauna da lauya ka tambaye shi ko casa da sayarwa za su shiga ƙarƙashin noma, ko kuwa tsarin da ya fi maka shi ne ka zuba jari wani ya gudanar. Amsar da zai ba ka za ta taɓa komai, har da sunan wanda za a yi rajista da shi. Ko da babu doka ma, tambayar tana nan: wa zai tsaya? In amsar ita ce "zan samu wani yaro", to ba ka da amsa tukuna.

Yanzu kuɗin Hajiya. Tumunin nan shi ne abin da ya rage mata daga mijinta, kuma a shekarunta ba ta da hanyar mayar da shi in ya tafi. Ta miƙo maka ne don ƙauna da yarda, ba don ta duba lissafi ta gamsu ba. Kai ne ya wajaba ka kare ta daga wannan karamcin nata. Ka je ka same ta ka durƙusa, ka yi mata godiya, ka ce: "Hajiya, ki riƙe abinki tukuna. Zan fara gwadawa da kaɗan daga nawa. In na ga hanya, ni da kaina zan dawo in gaya miki. Yanzu addu'arki nake nema." Ba za ta ji haushi ba, kuma ko ta ji na ɗan lokaci ne. Kai mata buhun farko ta dafa ta faɗa maka gaskiya, don uwa ba ta jin kunyar kushe girkin ɗanta.

Ƙanwarka kuwa, in gwaji ya yi kyau kuma har lokacin tana so, ƙofa a buɗe take, amma da rubutu da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma 'yan'uwa sun fi kowa buƙatar wannan, domin su ne ke jin kunyar tambaya har sai abu ya lalace. Ku fayyace tun farko: rance ta ba ka, ko jari ta zuba? In rance ne, za ka mayar mata da kuɗinta cif ko an ci riba ko an faɗi, kuma ba ta da ƙari. In jari ne kuna haɗa kuɗi, to riba a kan kason da kuka amince, asara kuma gwargwadon abin da kowa ya zuba. In kuɗinta ne zalla kai kuma aikinka, irin abin da malamai ke kira mudaraba, asarar kuɗi a kanta take matuƙar ba sakaci ko ha'inci ka yi ba, kai kuma ka yi asarar wahalarka, kuma ba a yanka mata wani adadi tsayayye duk wata. Ta ji wannan da kunnenta, mijinta ma ya sani in tana da aure, a gaban malamin da ya san fiƙihun ciniki. Ku rubuta yadda za ta fita in ta buƙaci kuɗinta, da wa'adin sanarwa. Gidaje nawa ne zumuncinsu ya tsinke a kan "ai na ɗauka cewa"? Haka nan kada ka yi saurin zuwa banki a wannan mataki, ko da irin su Jaiz da TAJ ne da ba sa mu'amala da ruwa. Kowa ya ci shinkafar rance tasa ya ci. Banki yana da ranarsa, ranar da kake da littafin ciniki na watanni da za ka ajiye a kan tebur.

Kafin ka sayi buhun farko, ka rubuta wa kanka iyaka a shafi na uku, ka sa kwanan wata, ka nuna wa uwargidanka don ta zama shaida. Nawa ne iyakar abin da za ka kashe a gwaji? Ni da zan ce kada ya haura kashi ɗaya cikin goma na rabonka. Yaushe za ka zauna ka yanke hukunci? Me za ka gani ka ce a ci gaba, me za ka gani ka ce a tsaya? Misali, in bayan zagaye uku lissafi bai nuna riba ba ko da ba ka cire ladan kanka ba, ko kuma waɗanda suka dawo saye ba su kai rabi ba, to ko dai a canza mai saye, ko a canza farashi, ko a haƙura. Ana rubuta wannan ne tun zuciya tana sanyi, domin in an fara, an sha rana an kashe kuɗi, mutum yakan ƙi ganin abin da ke gabansa. Sauran kuɗin ka ajiye su a asusu daban wanda ba ka yawo da katinsa a aljihu, kuma ka rage yawan waɗanda suka san suna nan. Ka yi istihara, ka kuma nemi mutum biyu da suka daɗe a harkar, ɗaya wanda yake ciki har yanzu, ɗaya wanda ya bari. Na biyun zai fi gaya maka abin da kake buƙatar ji.

Rajistar suna a hukumar CAC ba ta da wahala, za ka yi ta bayan ka ji daga lauya. Lambar NAFDAC kuwa, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, dole ce ga abincin da aka ƙulle a buhu mai suna ana kai wa shaguna, kuma suna duba wurin da ake aikin, don haka ka je ofishinsu ka ji sharuɗɗansu kafin ka kama haya ko ka buga buhu dubu. Mai yiwuwa ma gwajin ya nuna maka cewa injin casa ba shi ne abin da za ka fara saya ba. Wataƙila ƙaramin injin cire tsakuwa ne, da sikeli mai kyau, da keken ɗinke buhu, da ɗaki mai tsabta, casa kuma ka ci gaba da yi a haya har shekara ta zagayo. Wannan ba zai ci rabin abin da ake nema a wurinka yanzu ba, kuma zai bar maka kuɗin sayen shanshera da kaka.

Ka kira abokinka yau ka ce masa ka gode, amma ba za ka iya cika wa'adin ba, in an samu mai saye a sayar. Ranar Asabar ka ɗauki sikeli da littafinka ka tafi Kura. In ka kammala zagaye na biyu, ka rubuto mini nauyin da ka saya, da wanda ya fito, da adadin waɗanda suka dawo, mu duba tare. Allah ya yi maka jagora, ya ƙara wa Hajiya lafiya.